Man da ke ƙarƙashin teku: wa ke samun aikin, wa ke samun kwangilar?

A ƙarshen watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wasu umarni uku da suka shafi man fetur da iskar gas. Ɗaya na sassaucin haraji ne, ɗaya na rage lokacin da ake ɓatawa kafin a ba da kwangila, na ukun kuma ya taɓo dokar da ta wajabta wa kamfanonin mai ɗaukar 'yan Najeriya aiki da sayen kaya daga kamfanonin gida. Wannan na ukun ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Wasu suka ce an buɗe wa baƙi ƙofar baya, wasu suka ce 'yan kamasho ne aka rufe wa ƙofa.

A watan Disamba na wannan shekarar kamfanin Shell ya sanar da cewa ya yanke shawarar zuba kuɗi a aikin Bonga North, wanda aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 5. Shi ne babban aiki na farko a ruwa mai zurfi da aka amince da shi tun bayan na Egina a 2013. Nan take tsohuwar tambayar ta dawo: a cikin waɗannan maƙudan kuɗi, nawa ne zai kwana a gida, kuma a hannun wa?

Abin da dokar ta tanada

Dokar da ake magana a kanta ita ce wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 22 ga Afrilun 2010, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ita ta kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa ta jihar Bayelsa, aka ɗora mata sa ido kan rabon 'yan gida a harkar mai. Abin da dokar ke nufi da rabon 'yan gida ya wuce yawan 'yan Najeriya da ke karɓar albashi. Tana nufin duk wata ƙima da aka ƙara wa tattalin arzikin ƙasa ta hanyar amfani da mutanenta, kayanta da ayyukan kamfanoninta. Injiniyan da ya zana aikin a Legas yana ciki, mai waldar da ya haɗa ƙarfe a Fatakwal yana ciki, haka bankin da aka ajiye kuɗi a cikinsa, da lauyan da ya rubuta yarjejeniya, da mai kai abinci.

A ɓangaren ɗaukar ma'aikata, dokar ta ce ƙananan muƙamai da matsakaita na 'yan Najeriya ne kawai. A kujerun gudanarwa kamfani zai iya ajiye wa baƙi kashi 5 cikin 100 don kare muradun masu jari. Duk kujerar da baƙo ke kai dole a haɗa shi da ɗan ƙasa mai koyon aikin, kuma bayan shekara 4 kujerar ta koma hannun ɗan ƙasa.

A ɓangaren kwangila, kamfanin da ake kira na gida shi ne wanda aka yi wa rajista a Najeriya kuma 'yan ƙasa suka mallaki aƙalla kashi 51 na hannun jarinsa. Idan irin wannan kamfani yana da ƙarfin yin aiki, ba za a ture shi don kawai wani ya fi shi araha ba, muddin farashinsa bai haura mafi ƙanƙanta da fiye da kashi 10 ba. Aikin walda da ƙere-ƙeren ƙarfe a cikin ƙasa za a yi su. Kafin a fara kowane aiki sai kamfani ya gabatar wa hukumar tsarin yadda zai shigar da 'yan gida, kuma duk kwangilar da ta haura dala miliyan 1 sai ta bi ta teburinta. Ana cire kashi 1 daga kowace kwangilar haƙo mai a zuba a asusun bunƙasa kamfanonin gida. Wanda ya karya doka, tarar kashi 5 na kuɗin aikin ce ko a soke aikin.

Akwai wani sashe da ba a cika kawo shi a muhawara ba, alhali shi ne ya raba tudu da teku. Dokar ta keɓe wa kamfanonin gida masu kayan aiki ayyukan kan tudu da na fadamun Neja Delta su kaɗai. Ba ta yi wannan keɓewar ga teku ba. A can fifiko ne da mafi ƙarancin kaso da aka jera a jadawali, sana'a bayan sana'a. Masu rubuta dokar sun san cewa a 2010 babu kamfanin gida da ke da jirgin haƙa rijiya a zurfin mita dubu.

Me ya sa aikin teku ya bambanta

Jama'a kan ji an ce an gano mai, sai su ɗauka ayyukan yi sun zo. A teku abin yana tafiya ne mataki-mataki, kuma kowane mataki da irin mutanen da yake buƙata.

Matakin farko shi ne bincike. Jirgi na musamman ne ke yawo yana jan dogayen igiyoyi masu na'urori, yana aika ƙara zuwa ƙarƙashin ƙasa yana naɗar amsarta, masana duwatsu su zauna gaban kwamfuta su fassara. Idan sun ga alama, sai a ɗauko hayar jirgin haƙa. Hayar irin wannan jirgi takan kai ɗaruruwan dubban daloli a rana guda, kuma rijiya ɗaya ta gwaji a ruwa mai zurfi takan ci gomman miliyoyin daloli, wani lokaci ta haura miliyan 100. Da yawa daga rijiyoyin gwaji ba a samun man da ya isa kasuwanci a cikinsu. Jirgin kan yi wata biyu ko uku ya ɗaga zuwa Angola ko Namibiya ko Guyana da ƙwararrun ma'aikatansa. Wannan mataki shi ne mafi haɗari ga mai jari, shi ne kuma mafi ƙarancin guraben aiki. Abin da ɗan gida ya fi samu a nan shi ne hidimar da ke kewaye da haƙar: jiragen kai kaya daga tashar Onne, jirage masu saukar ungulu, abinci, sinadaran haƙa, kwashe shara, tsaro, fassarar bayanai, da wasu gurabe a kan jirgin kansa.

Mataki na biyu shi ne gini, kuma nan ne kuɗi da aiki suke. Ana zana aikin, a ƙera katafaren jirgin da zai zauna a kan rijiyoyin yana raba mai da ruwa da gas, yana adanawa har jirgin dakon mai ya zo ya ɗauka. Irinsa ake kira FPSO. Ana shimfiɗa bututu a ƙasan teku, a dasa na'urorin da ke kan bakin kowace rijiya. Dubban masu walda, masu haɗa bututu, masu fenti, masu lantarki da injiniyoyi kan yi shekara 3 zuwa 5 a kai.

Mataki na uku shi ne fitar da man, wanda kan ɗauki shekara 20 ko fiye. Aiki ne mai ɗorewa da albashi mai tsoka, amma mutanen da ke kwana a kan jirgi guda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suna karɓa-karɓa da 'yan uwansu da ke hutu a gida.

Saboda haka duk wanda ya yi alƙawarin dubban ayyuka tun a matakin bincike, ko dai bai san harkar ba ko kuma yana lissafa abin da zai zo ne idan an dace, bayan shekaru. An gano Egina a 2003, ba a fara fitar da mansa ba sai ƙarshen Disambar 2018.

Daga Bonga zuwa Egina

Hanya mafi sauƙi ta ganin tasirin dokar ita ce a ajiye jirage biyu gefe da gefe.

Bonga, mai nisan kilomita 120 daga gaɓa a zurfin da ya haura mita 1,000, ya fara aiki a Nuwambar 2005, shekara 5 kafin dokar. An ƙera gangar jirgin a Koriya ta Kudu, aka ja shi zuwa arewa maso gabashin Ingila aka ɗora masa injuna, sannan aka kawo shi ruwan Najeriya a shirye. An yi wasu sassa a gida, kamar matsayar lodin mai da kamfanin Nigerdock ya ƙera a Legas, amma kaso mafi tsoka na kuɗin gini a waje ya ƙare. Erha na ExxonMobil a 2006, Agbami na Chevron a 2008 da Akpo na Total a 2009 duk kusan haka suka zo. Hukumar NCDMB na cewa kafin 2010 abin da ke zama a gida bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Egina shi ne babban aiki na farko a ruwa mai zurfi da aka tsara bayan dokar ta fara aiki. Jirginsa mai tsawon mita 330, mai iya fitar da ganga 200,000 a rana, shi ma a Koriya kamfanin Samsung ya ƙera gangarsa. Bambancin shi ne ya iso Legas a Janairun 2018 bai kammala ba. A cikin manyan sassa 18 da ke kansa, 6 a Najeriya aka ƙera su, aka kuma ɗora su a mashigin LADOL da ke Tarkwa Bay, inda aka gina dogon bakin ruwa musamman don wannan aiki. Kamfanin Total ya ce an ƙera kayan ƙarfe tan 60,000 a cikin ƙasa, kuma kashi 77 na awannin aikin gaba ɗaya a Najeriya aka yi su. Ba a taɓa yin haka a ƙasar ba. Yadika, wato filayen ƙere-ƙeren ƙarfe, a Legas, Fatakwal da Onne suka cika da ma'aikata, matasa da dama suka sami takardun shaidar walda da ake karɓa a ko'ina a duniya.

Amma kashi 77 na awanni ba shi ne kashi 77 na kuɗi ba. Aikin ya ci kusan dala biliyan 16, kuma abubuwa mafiya tsada, wato gangar jirgi, manyan injunan matsa gas, na'urorin sarrafawa da hayar jiragen haƙa, daga waje suka zo. Awa guda ta mai walda a Legas da awa guda ta masana'antar da ke ƙera injin turbin ba farashinsu ɗaya ba. Duk alƙaluman biyu gaskiya ne, sai dai kowanne abu daban yake aunawa.

Akwai kuma wani nau'in shigar 'yan gida da ya girmi dokar, wato mallakar rijiyar kanta. Kamfanin SAPETRO na Janar T. Y. Danjuma yana da kaso a yankin da Akpo da Egina suke, kamfanin Famfa na Folorunsho Alakija kuma a Agbami. Wannan rabo ne na riba ga masu hannun jari, ba ya nufin guraben aiki ko masana'anta.

Shekarun da yadika suka yi shiru

Bayan Egina ya tashi daga Legas, ba wani jirgi makamancinsa da ya biyo baya. Aikin Bonga South West da ake ta jira aka yi ta ɗagewa. Na Zabazaba ya maƙale a shari'o'in yankin haƙar mai na OPL 245. Farashin mai ya faɗi daga tsakiyar 2014, ya sake rugujewa a 2020 lokacin annobar korona. An kwashe kusan shekara 20 ana jan dokar sake fasalin harkar mai kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Agustan 2021, kuma a 2019 an ƙara wa rijiyoyin ruwa mai zurfi kuɗin da suke biyan gwamnati. Masu jari suka karkata zuwa Guyana, Brazil da Mozambik. Samsung da LADOL ma suka shiga doguwar takaddama kan yadin da suka gina tare.

Abin da ya sami masu yadika ya yi kama da na telan da ya ci bashi ya sayi kekuna goma saboda ɗinkin Sallah, sai Sallah ta wuce shago ya koma shiru, bashi kuma yana nan. Ƙwararrun da aka horar da kuɗi mai yawa wasu suka tafi ƙasashen Larabawa, wasu suka bar sana'ar. Doka na iya tilasta a yi aiki a gida idan akwai aikin. Idan babu wanda ya zuba jari, kashi 70 na babu, babu ne. A nan ne tushen umarnin 2024 yake.

Me umarnin 2024 ya canza

Bai soke dokar 2010 ba, umarnin shugaban ƙasa ba ya soke dokar majalisa. Abin da ya yi shi ne gaya wa hukumar yadda za ta aiwatar da ita. Ya ce ta riƙa la'akari da wuraren da babu isasshen ƙarfin yin aiki a cikin ƙasa, kada neman cika kaso ya hana aiki tafiya ko ya tsawwala masa kuɗi. Ya kuma hana ta amincewa da duk tsarin da ya ƙunshi kamfanonin da ke tsakiya kawai, marasa kayan aiki da ma'aikata. Umarnin da ke tare da shi ya sa burin rage zagayen ba da kwangila daga kusan wata 36 zuwa wata 6. Fadar shugaban ƙasa ta ce aikin mai a Najeriya ya fi na ƙasashen da take gogayya da su tsada da kimanin kashi 40.

Maganar 'yan tsakiya ita ce zuciyar lamarin. Tunda doka ta ce kashi 51 ya zama na ɗan ƙasa, sai aka sami masu yin rajistar kamfani da ofis da takardu, su karɓi kwangila, su miƙa wa kamfanin waje ya yi aikin, su cire nasu kason. A takarda kwangilar ta tafi hannun ɗan gida. A zahiri an ƙara wa aikin tsada, ba a koyar da kowa komai ba, kuma kamfanin gida na gaskiya da ya sayi injuna ya rasa aikin, domin ɗan kamasho ba shi da albashin ma'aikata ko bashin banki da zai sa a farashinsa.

Matsayin ɓangarori

Manyan kamfanonin waje na cewa ba sa adawa da ɗaukar 'yan ƙasa, mafi yawan ma'aikatansu na dindindin ma 'yan Najeriya ne tun da daɗewa. Kukansu shi ne jinkiri, yawan hukumomin da kowace kwangila ke bi ta hannunsu, da tilasta sayen abin da ba a yi a ƙasar. Suna tunatar da cewa kuɗin da aka kashe a ruwa mai zurfi ana fara cire shi ne daga man da aka haƙo kafin a raba riba da gwamnati, don haka duk tsadar da aka ƙara, baitulmali ma yana ɗaukar nasa kason.

Kamfanonin hidima na gida, waɗanda da yawansu ke ƙarƙashin ƙungiyar PETAN, sun yi maraba da korar 'yan tsakiya. Fargabarsu tana kan kalmar rashin ƙarfi. Wa zai yanke cewa babu mai iya aikin a gida? Idan kamfanin da ke ba da kwangilar ne, zai iya rubuta sharuɗɗan da tsohon abokin huldarsa na waje kaɗai zai cika. Hujjarsu ita ce ba a samun gogewa sai an ba mutum aiki, kuma da an bi ma'aunin araha kawai a 2013, da sassan nan 6 na Egina a Koriya za a yi su. Suna kuma cewa tsadar da ake ɗora musu ba tasu ba ce duka: suna kunna janareta dare da rana, suna biyan masu gadi, suna jiran kaya a tashar jiragen ruwa, suna cin bashi da ruwan da ya kusa kashi 30 yayin da abokin takararsu na Asiya ke samu da ruwa kaɗan.

Ƙungiyoyin ƙwadago, PENGASSAN da NUPENG, damuwarsu daban ce. Sun daɗe suna ƙorafi kan baƙin da ake shigowa da su da sunan ƙwararru su zauna a kujerun da ɗan ƙasa zai iya riƙewa, da kuma ɗaukar 'yan ƙasa ta hannun 'yan kwangilar ma'aikata, ba fansho, ba tabbas. A ganinsu kamfani na iya zama na ɗan Najeriya ɗari bisa ɗari ya kuma fi na baƙo matse ma'aikaci.

Ita kuwa hukumar, wadda Felix Ogbe ya karɓi ragamarta daga Simbi Wabote a Disambar 2023, tana nuna alƙalumanta na rabon 'yan gida: kashi 54 a 2022 da 2023, kashi 56 a 2024, da burin kashi 70 a 2027. Ci gaban na gaske ne, ana ganinsa a yadika, a jiragen ruwa mallakar 'yan ƙasa da kamfanonin zanen injiniya. Sai dai adadin ya haɗa tudu, fadama da teku wuri guda, kuma ayyukan tudu da suka fi sauƙi su ke ɗaga shi. Ba ya nuna nawa ne kamfanin gida ya sake fitarwa waje don sayo kayan da zai yi aikin da su.

Ƙarfe da jari

Jadawalin dokar ya nemi farantan ƙarfe da bututu su zama na gida ɗari bisa ɗari. Masana'antar Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau ba ta narka ƙarfen da za a yi wannan da shi ba. Akwai masana'antun naɗe bututu, kamar ta SCC da ke kusa da Abuja, amma ƙarfen da suke naɗewa shigo da shi ake yi. Wannan giɓi ne da babu hukumar mai da za ta iya cike shi, domin na wutar lantarki ne, na layin dogo da na masana'antu. Muddin yana nan, neman izinin shigo da kaya zai ci gaba, kuma inda ake neman izini ba a rasa masu neman hanya.

Ta fuskar jari, hukumar ta buɗe asusun rance na dala miliyan 200 a 2017 ta hannun Bankin Masana'antu, aka ƙara shi zuwa miliyan 350 a 2020, da ruwa ƙasa da kashi 10. Ya taimaki masu sayen ƙananan jirage da injuna. Amma sabon jirgin haƙa guda ɗaya na ruwa mai zurfi ya fi dukan asusun tsada.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Norway ake yawan kafa misali da ita. Ta gano mai a teku a 1969, ta kafa kamfanin Statoil a 1972, ta kuma wajabta fifita kamfanonin gida idan sun yi gogayya a inganci da farashi. Sai dai kafin man ya zo tana da masana'antun ƙera jirage, matuƙa da makarantun injiniya, don haka juya su aka yi zuwa sabuwar harka. Daga baya, a shekarun 1990, ta janye fifikon lokacin da kamfanoninta suka tsaya da ƙafafunsu.

Brazil ta bi hanya mai tsauri. Ta sa kaso mai yawa, ta kafa kamfanin Sete Brasil don ƙera jiragen haƙa kusan 30 a gida. Tsada, jinkiri da badaƙalar cin hanci a Petrobras, kamfanin mai na gwamnatin ƙasar, suka durƙusar da shirin, kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2016. A 2017 gwamnati ta rage kason sosai, na matakin bincike a teku ya koma kashi 18.

Ghana, wadda ta gano rijiyar Jubilee a 2007 ta fara fitar da mai a Disambar 2010, ta yi nata ƙa'idojin a 2013. Ta ce kamfanin waje mai son ba da hidima sai ya haɗa gwiwa da na gida mai aƙalla kashi 10. Ita ma tana fama da masu aron suna, kuma jirgin Jubilee a Singafo aka gyara shi.

Abin da zai taɓa talaka

Ga mazauna gaɓar teku a Bayelsa, Delta, Ribas, Akwa Ibom da Ondo, rijiyar da ke nisan kilomita 100 ba ta da mai unguwa, amma illarta na isowa. A Disambar 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala daga Bonga lokacin lodi, masunta suka yi ta shari'a shekara da shekaru. Ana kuma hana kwale-kwale kusantar wuraren aikin. Dokar 2021 ta ce kamfani ya ware kashi 3 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata ga al'ummomin da ke karɓar baƙuncinsa, kuma ta shigar da garuruwan gaɓa cikin lissafin ayyukan teku. Wane gari ne ya cancanta, nan ne ake samun saɓani.

Ga sauran 'yan ƙasa kuwa, dokar 2010 ɗan Najeriya ta ambata, ba ɗan jiha kaza ba. Matashin da ya karanta ilimin duwatsu ko injiniya a Zariya, Kano, Bauchi ko Maiduguri yana da haƙƙi ɗaya da na Warri a kan jirgin Egina. Abin da ke raba su shi ne nisa da bayani. Yadika da ofisoshin suna Legas, Fatakwal, Onne da Warri. Hukumar na da rumbun rajista a intanet mai suna NOGIC JQS, inda mutum ko kamfani ke shigar da sunansa da takardunsa, kuma daga nan ake zaɓen waɗanda za a horar. Ba a hawa jirgin teku sai da shaidar lafiya da ta horon tsira, wanda ya haɗa da koyon fita daga jirgi mai saukar ungulu idan ya faɗa ruwa. Takardar walda ko ta duba ingancin ƙarfe da duniya ta amince da ita sau da yawa ta fi digiri saurin buɗe ƙofa. Asusun PTDF na horar da ƙwararru a harkar mai, wanda aka kafa tun 1973, yana ba da guraben ƙaro karatu ga kowace jiha. Ƙwarewar da aka samu a can ita ce kuma ake nema a bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da binciken mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, domin doka ɗaya ce ke kansu. Masu damfara sun san yawan masu nema, shi ya sa tallan guraben aikin teku na bogi da ke neman kuɗin fom ba ya ƙarewa a WhatsApp.

Hanya mafi faɗi da wannan harka ke shiga gidan talaka ita ce asusun tarayya. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 kan rabon kuɗin man da ke cikin teku, dokar 2004 ta ce man da ke cikin zurfin mita 200 ana lissafa shi a kason kashi 13 da ake ware wa jihohi masu mai, a ba jihar da ke gaɓar. Wanda ya wuce nan, irin na Bonga, Agbami da Egina, ba a cire masa wannan kaso. Ke nan idan tsada da jinkiri suka hana sabuwar rijiya, ko suka cinye ribar da za a raba, albashin malamin firamare a Jigawa ma ya ji a jikinsa. Idan kuma aka saki komai ga baƙi don a sami araha, kuɗin ginin zai fita da dala, ya ƙara wa naira nauyi.

Bonga North ne gwajin farko na sabon tsarin, amma ba zai maimaita Egina ba, domin babu sabon jirgi a cikinsa. Rijiyoyi ne a ƙasan teku da za a jona da tsohon jirgin Bonga, ana sa ran ganga 110,000 a rana idan ya kai ƙololuwa. Kwangilar bututunsa ta kusan dala biliyan 1 ta tafi hannun Saipem na Italiya tare da kamfanonin gida biyu, KOA da Aveon mai yadi a Fatakwal. A lokaci guda kuma Seplat ya karɓi rijiyoyin ExxonMobil na ruwa marar zurfi a Disambar 2024, wanda ya sa kamfanin gida ya zama mai ba da kwangila a teku, ba mai nema kawai ba. Aikin da zai sake cika yadikan Legas shi ne wanda ke buƙatar sabon jirgi, kamar Bonga South West, kuma sharuɗɗan da hukumar za ta amince da su kan sassa nawa za a ƙera a gida su ne za su nuna yadda ta fassara umarnin 2024.